Budafest a Tsakiyar Hunturu: Shin Arahar Tafiya a Lokacin Sanyi ta Gaskiya Ce?

Sagir Fagge:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tun da na dawo wasu ke tambayata yadda na ga Budafest, babban birnin ƙasar Hungari, sai na ga ya fi dacewa in amsa a nan gaba ɗaya domin waɗanda suka fi ni sanin ƙasar su gyara ko su ƙara. Wani taron aiki ne ya kai ni Biyana ta ƙasar Austiriya a tsakiyar Disamba, da aka tashi kuma bizar Shengen ɗina, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, tana da sauran kwanaki, na shiga bas mai araha, tafiyar wajen awa uku, da ɗan abin da ya rage a aljihu.

Duhu ne ya fara kama ni tun kafin sanyi. A lokacin hunturu agogon Hungari daidai yake da na Najeriya, saboda haka ƙarfe huɗu na yamma, sa'ad da mutanen Kano ke fitowa daga sallar La'asar rana tana nan sarai, a can ta riga ta faɗi an kunna fitilun titi. Ba ta fitowa kuma sai wajen bakwai da rabi na safe, wato yinin bai fi awa takwas da rabi ba. Azahar tana shiga kafin sha biyu, La'asar wajen ɗaya da rabi, Magariba kafin huɗu, don haka wanda ya fita yawo bai tsara inda zai yi alwala da salla ba, salloli uku za su taru masa a kan hanya.

Na sauka a wani masaukin matafiya na haɗaka a gunduma ta bakwai, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin da mutane da yawa ke kwana. Tsohon bene ne mai tsakar gida a ciki, kowane hawa da barandarsa ta ƙarfe da ta kewaye tsakar gidan, ƙofofin ɗakuna duk suna fuskantar juna. Daga waje ginin ya yi baƙi, filasta tana ɓarewa, amma ciki da ɗumi har sai mutum ya tuɓe rigar sama, domin ƙarƙashin kowace taga akwai ƙarfen ɗumama ɗaki da ruwan zafi ke bi ta cikinsa, kuma a kansa kowa yake shanya safarsa da dare. Aibin unguwar shi ne mashaya sun yi yawa, hayaniya ba ta lafawa sai gab da asuba.

Abin da ya fi burge ni shi ne mafi kyawun abubuwan kallo a birnin ba sa bukatar kuɗin shiga. Taragon lantarki mai lamba 2 yana bin gaɓar kogin Danub ta ɓangaren Pest, wato rabin birnin da ke gabas da kogin, da tikitin da kowa ke saya za ka wuce ta jikin ginin majalisar dokoki da aka kammala a 1904, kana hangen fada da tsaunin Buda, ɗaya rabin birnin, a tsallake. Gadar Sarƙa ta 1849 a ƙafa ake tsallake ta kyauta, tsaunin fadar ma a ƙafa na hau maimakon biyan kuɗin ɗan taragon da ke jan mutane sama. Ra'ayina shi ne, ga mai ƙaramin ƙarfi irina, hunturu ne lokacin da ya dace ya ga Turai, domin gado yana da sauƙi kuma babu dogon layi.

Hajiya Rabi Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Sannu da dawowa, Sagir, Allah ya huta gajiya. Amma ɗana, ni 'yar kasuwa ce, ba na yarda da kalmar araha sai na ga lissafi ya cika. Ka ce mana gado yana da sauƙi, ba ka faɗa mana nawa ka kashe a rigar sanyi da takalmi da safar hannu da hula ba, alhali kaya ne da ba za ka sake sa su a Kano ba ko da hunturu ya kai maƙura. Sannan kai da bakinka ka ce yinin awa takwas da rabi ne, wanda ya je a watan Yuni kuwa yana samun kusan ninkin haka da kuɗin kwana ɗaya. Idan aka sayar maka da rabin yadi a kan kashi biyu cikin uku na farashin yadi, ba a yi maka rangwame ba. Ka kuma haɗa da shayin da ka riƙa shiga kana saya don kawai ka samu wurin zama mai ɗumi, domin na san sanyi ba ya barin mutum ya zauna a benci ya ci burodinsa kamar yadda zai yi da bazara.

Sagir Fagge:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, batun shayin gaskiya ne, kuma har bayan gida na jama'a sai an biya a wurare da dama. Kayan sanyin kuwa gwanjo na saya a Ƙofar Wambai kafin in tashi, ban sayi ko safa a can ba. Game da gajartar yini, ba na ɗaukar daren can a matsayin asara, domin da an yi Magariba ake haska majalisa da gadoji da fadar, kuma a ganina birnin ya fi kyau a lokacin.

Dakta Nura:
Barka da dawowa, Malam Sagir. Ni a Debrecen na yi karatun likita, birni na biyu a girma a ƙasar, kuma Budafest ce hanyarmu ta shiga da fita, saboda haka zan ɗan sa baki. Hajiya tana da gaskiya a wani wuri da ba ta ma ambata ba, wato Disamba ba shi ne watan araha ba. Daga tsakiyar Nuwamba ake buɗe kasuwannin Kirsimeti a dandalin Vörösmarty da gaban majami'ar Istifanus, baƙi suna kwarara daga ko'ina, farashin masauki kuma yana hawa sosai daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Arahar gaske tana farawa ne bayan makon farko na Janairu har zuwa ƙarshen Fabrairu, sai dai a lokacin ne sanyin ya fi tsanani, domin Janairu ne wata mafi sanyi, ma'aunin zafi yana yawo a kusa da sifili, da dare kuma yakan sauka ƙasa da haka. Wanda ya isa ranar 24 ga Disamba da rana kuma zai tarar kantuna suna rufewa, 25 da 26 ma a rufe suke, kuma na ga ɗalibai sababbin zuwa da suka yi kwanakin nan da biskit da ruwan famfo.

Game da sutura, kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne dogaro da ƙatuwar riga ɗaya a kan shadda. Abin da ke riƙe ɗumi shi ne iskar da ke maƙale tsakanin tufafi, don haka riguna uku marasa kauri sun fi ɗaya mai nauyi, kuma wadda ke manne da fata kada ta zama ta auduga, domin auduga tana shan gumi ta riƙe shi, da ka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai ɗumi zuwa iskar kogi sai ta koma sanyi a jikinka. Takalmi mai kaurin ƙasa ya fi komai muhimmanci, saboda ta tafin ƙafa duwatsun titi ke zuƙe ɗumin mutum. A riƙe man kaɗe kuma, domin ɗakunan da ake ɗumamawa suna busar da fata da leɓe.

Abu na ƙarshe shi ne tikiti. Sayen tikitin takarda bai wadatar ba, dole a zura shi a 'yar na'urar da ke bakin shiga tasha ko cikin tarago ta buga masa alama, kuma masu duba tikiti ba sa sauraron uzurin baƙunta, tara ce nan take. Wanda zai yi 'yan kwanaki ya sayi katin awa 24 ko na awa 72 ya huta.

Isufu Maraɗi:
Ina gaida manya. Mu mutanen Nijar akwai wani tarko da ya fi kama mu, domin mun saba kuɗinmu a ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya sefa 656 ba ya motsi, sai mu ɗauka duk ƙasar da ke cikin Tarayyar Turai yuro take ci. Hungari ta shiga tarayyar a 2004, ta shiga Shengen a 2007, amma har yanzu kuɗinta forint ne, a 2024 kuma yuro ɗaya ya kai wajen forint 400. Shagunan unguwannin baƙi suna karɓar yuro, amma a farashin da suka ga dama. Haka na'urorin cirar kuɗi na bakin titi sukan tambaye ka ko kana so su yi maka canji da kansu, kuma amsar da ta fi sauƙi ga aljihu ita ce a'a, a cire a forint bankinka ya yi canjin. Malam Sagir, yaya ka yi da abinci? Shi ne abin da ya fi damuna a irin waɗannan ƙasashe.

Sagir Fagge:
Malam Isufu, abinci ya bukaci lura ƙwarai, domin naman alade da kitsensa suna cikin girkinsu da yawa, har abin da ido zai ɗauka miyar ganye ce ana iya soya albasarta da kitsen. Kasuwar Kirsimeti kuwa kallo kawai na yi, tsiran alade ne da giya mai zafi a kowace rumfa, ga tsada. Mafi yawan cina a kicin ɗin masauki na dafa, taliya da ƙwai da kifin gwangwani daga babban kanti, idan na gaji kuma in shiga shagunan Turkawa da Larabawa da ke kan babban titin da taragon lamba 4 da 6 ke bi, in tambaya ko naman halal ne. A Babbar Kasuwa mai rufi, wadda aka buɗe a 1897, na ci abin da suke kira langosh, ƙullun fulawa ne da ake soyawa a faɗaɗe a shafa masa tafarnuwa da kirim mai tsami da cuku, ɗaya ya riƙe ni tun hantsi har dare. Ruwan famfonsu ana sha, ban sayi na roba ba.

Dakta Nura:
A ƙara da wannan: kada kowa ya ce zai rage kashe kuɗi ta hanyar tafiya da kilishi ko dambun nama ko man shanu, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga wajenta, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Dabino ba shi da matsala.

Malam Ilyasu Zariya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na yi mamakin yadda aka tsaya a kan gado da tikiti aka bar abin da ya fi dacewa Musulmi ya sani game da wannan birni. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Sulaiman, ya kama Buda a 1541, kuma ta zauna a hannun Turkawa har 1686, wato shekara 145, a tsawon lokacin nan kuwa babbar majami'ar Matiyas da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a gabanta masallaci ce. Bayan da rundunar sarakunan Habsbag na Austiriya da ƙawayenta suka ƙwace garin, kusan duk masallatan sun shuɗe, abin da ya tsira shi ne gidajen wanka da kuma hubbaren Gul Baba, wani shehin ɗariƙar Bektashiyya da ya rasu a shekarar da aka ci birnin. An gina hubbaren tsakanin 1543 da 1548, ɗan ƙaramin gini mai kusurwa takwas da ƙubba, daga baya malaman coci na Jizuwit suka mayar da shi ɗakin ibadarsu na wani zamani, sannan gwamnatocin Hungari da Turkiyya suka haɗa hannu suka gyara shi aka sake buɗewa a 2018. Yana kan tudu kusa da gadar Margit ta ɓangaren Buda. Sagir, ina fata ka je, domin idan mai neman araha ya bar wannan wuri ya je hoton majalisa kawai, ni a wurina tafiyar ba ta cika ba.

Sagir Fagge:
Allah ya gafarta Malam, na je, kuma ban biya komai ba. Wani siririn layi mai shimfiɗar duwatsu na bi, mai tsananin hawa, kuma da yake raɓar dare ta daskare a kansa sai da na riƙa dafa bango. A sama akwai lambun fure da aka yi hawa-hawa, amma a Disamba ƙirare ne kawai da ƙaya, an datse su. Ban tarar da kowa ba sai wasu dattawan Turkawa biyu, mata da miji, matar ta cire safar hannu ta ɗaga hannuwa tana addu'a, da ta shafa kuma yatsun sun ƙi tanƙwaruwa, sai mijin ne ya mayar mata da safar. Sallar Juma'a kuma na yi ta a masallacin da ke titin Fehérvári a gunduma ta goma sha ɗaya, inda na haɗu da ɗalibai 'yan Najeriya.

Ummi Bashir:
Yaya Sagir, sannu da hanya. Ina da tambaya kan gidajen wankan da Malam ya ambata, domin duk hoton Budafest na hunturu da na gani, mutane ne a cikin tafkin ruwan zafi a fili tururi yana tashi. Shin mace Musulma tana da hanyar shiga irin wannan wuri, ko abin kallo ne daga nesa?

Malam Ilyasu Zariya:
'Yata, wanda kike gani a hoto shi ne Széchenyi, na 1913, maza da mata a cakuɗe cikin kayan ninkaya, kuma ba na ba kowa shawarar shigarsa, mace ko namiji.

Dakta Nura:
Malam ya yi gaskiya game da wancan, amma akwai Rudas, wanda Turkawa suka gina a ƙarni na 16 a gindin tsaunin Gellért, tafki mai kusurwa takwas a ƙarƙashin ƙubba da ginshiƙai takwas ke ɗauke da ita. A tsohon sashen nan an daɗe ana ware ranakun maza daban da ranar mata daban a tsakiyar mako, ƙarshen mako ne ake haɗawa, saboda haka Ummi ki duba jadawalinsu kafin ki je. Ruwan daga maɓuɓɓugar ƙasa yake fitowa da zafinsa, wannan ne ma ya sa tun zamanin Rumawa ake irin wannan wanka a yankin birnin. Sai dai kuɗin shiga ya kai na kwana ɗaya a irin masaukin Sagir ko ya fi, don haka ba ya cikin lissafin araha.

Hajiya Rabi Kantin Kwari:
To ka ji, abu ɗaya da aka yi domin sanyi, shi ne kuma mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya shiga ba. Sagir, mutanen fa? Ba ka ce komai game da su ba.

Sagir Fagge:
Hajiya, a nan ne zuciyata ta rabu biyu. Ba wanda ya ci mutuncina, kuma matasa da na tambaya hanya sun amsa da Ingilishi cikin ladabi. Amma a tarago babu mai gaida wani, babu mai magana da ƙarfi, fuskoki a ɗaure, kuma wasu tsofaffi sukan kafe ni da ido har in sauka. Akwai kuma wani wuri a bakin kogi kusa da majalisa da ya tsaya mini a rai, inda aka kafa takalma na ƙarfe ƙafa sittin a 2005, na maza da na mata da na yara, domin tunawa da Yahudawan da 'yan bindigar jam'iyyar Arrow Cross, mai goyon bayan 'yan Nazi, suka harbe cikin kogin a hunturun 1944 zuwa 1945 bayan sun sa su tuɓe takalmansu. Na tsaya a wurin da kaya uku a jikina iska tana ratsa ni, na tuna cewa a irin wannan watan aka tsayar da su ba takalmi.

Isufu Maraɗi:
Kada a manta kuma ƙasar ce ta kafa shingen waya a iyakarta da Sabiya a 2015, lokacin da dubban 'yan gudun hijira suka yi kwanaki a tashar jirgin ƙasa ta Keleti da ke Budafest. Baƙar fata da ke shirin zuwa ya kamata ya san wannan.

Dakta Nura:
Wannan ya faru, kuma ba zan kare shi ba. Amma ƙasar ce kuma take da shirin tallafin karatu na Stipendium Hungaricum tun 2013, wanda 'yan Najeriya da yawa suka amfana da shi, kuma dukan abubuwan biyu gaskiya ne a lokaci ɗaya. Abin da nake jan hankalin Sagir a kai shi ne, fuskar da ya gani a tarago fuskar Disamba ce, ta mutanen da suka fita aiki cikin duhu suka dawo cikin duhu. Waɗannan mutanen ne dai za ka tarar a tsibirin Margit a watan Mayu sun baje a ciyawa suna dariya. Shiru a mota kuma a wurinsu ladabi ne, kuma dattijuwar da ta kafe ka da ido, idan ka tashi ka ba ta kujera za ka ga ta sake. Wannan ma wata hujja ce a gefen Hajiya, domin mai zuwa da hunturu yana ganin gine-gine da kyau, amma mutanen suna cikin gidajensu.

Ummi Bashir:
Ni dai abin da na ɗauka shi ne ƙarshen Fabrairu, tunda Dakta ya ce masauki yana da sauƙi a lokacin, kuma ina jin yini ya fara tsawo.

Dakta Nura:
Haka ne, a ƙarshen Fabrairu rana tana kaiwa bayan biyar kafin ta faɗi. Ki sa kuɗin biza a lissafi tun farko, yuro 90 ne tun Yunin 2024, da inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da za ki fi daɗewa a cikinta ake nema.

Hajiya Rabi Kantin Kwari:
Ni har yanzu ban ga lissafin da na nema ba. Sagir, ka rubuto mana kuɗin gado da abinci da mota a gefe ɗaya, kuɗin gwanjo da shayi a ɗaya gefen, sannan mu san wanda ya yi gaskiya tsakanina da kai.

Sagir Fagge:
Zan tattaro rasit ɗin in kawo da yardar Allah, Hajiya, amma ina roƙon a raba kuɗin gwanjon tsakanin duk waɗanda za su sa shi, domin rigar da takalmin suna nan a ajiye, kuma tun jiya mutum biyu daga zauren nan suka yi mini magana a kan aro. Takalmin lamba 43 ne, Ummi sai dai ki nemi naki.